Ƙullina yana sassautawa, allura tana lanƙwashewa: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyana. Na fara horon zama likitan fiɗa a nan Zariya, an kuma fara bar mini rufe fata bayan aikin ƙaba da afendis. Abu uku ke damuna: ƙullin nailan yana sassautawa, allura tana lanƙwashewa, bakin fata kuma yana nutsewa ciki maimakon ya haɗu. Me zan gyara, kuma da me zan riƙa gwaji a gida?

Babban rajistara (likitan da ya yi nisa a horon fiɗa): Wa alaikumus salam ƙanena. Duka ukun daga hannu ne, zare bai da laifi. Kama allura da mariƙinta wajen kashi biyu bisa uku daga tsini, kada ka kama gindin da zare ya shiga, nan ta fi rauni. Shiga fata a tsaye, digiri 90, sannan ka juya wuyan hannu allura ta bi lanƙwasarta. Turawa da ƙarfin kafaɗa shi ke lanƙwasa ta.

Nutsewar baki kuwa, a karkace kake shiga, kana ɗibar sama da yawa, ƙasa kaɗan. Bar kamar milimita 5 daga baki a kowane gefe, zurfi ɗaya, ƙasan ya ɗan fi saman faɗi. In fatar ta ƙi, yi ɗinkin da ake kira matires na tsaye: ka shiga ka fita nesa da bakin tsagar, ka dawo ka shiga ka fita kusa da bakin.

Sai ƙulli. Kowane zagaye ya saɓa wa na baya, hannuwanka su yi musayar gefe, zaren ya kwanta shimfiɗe kafin ka ja. In ka ɗaga hannu ɗaya har zaren gefen ya miƙe, ƙullin ya zama zarge, ko sau goma ka yi zai zame. Zaren nailan da na Prolene sili ɗaya ne mai santsi, suna son zagaye 5 zuwa 6. Vicryl kitsattse ne, 3 zuwa 4 ya isa. Kada ka matse har fata ta yi fari, domin wurin zai kumbura, zaren ya yanke ta. Ka ajiye ƙullin a gefe, ba a kan tsagar ba.

Wata likita: Dakta, je wurin mahauta a kasuwar Sabon Gari da sassafe. Fatar saniya ta yi kauri, allurarka za ta cinye. Nemi cinyar kaza mai fata da hanjin akuya. Wanke hanjin, raba shi biyu, haɗa da zare mai kaurin lamba 3-0, ɗinki ɗai-ɗai, tazarar milimita 3 zuwa 4. Ɗaure bakin ɗaya, ɗura ruwa da sirinji ta ɗayan. Yoyo ya fi fitowa ta gefen da kitse da jijiyoyi suke manne, don haka can ake fara ɗinki. Duk wanda zai yi kwanan aiki a Arewa sai ya gamu da hanjin da taifot ya huda, gara hannu ya saba tun yanzu. Kullum ka sa safar hannu, ka jiƙa ta, domin haka za ka same ta a ɗakin tiyata. Don ƙulli mai zurfi, kafa ƙugiya a gindin gwangwanin madara ka ɗaura da ɗan yatsa yana raka ƙullin har ƙasa.

Sistar ɗakin tiyata: Likita, aska lamba 10, 11 da 15 ta ƙota lamba 3 ce, 20 zuwa 24 ta lamba 4. Da mariƙin allura ake sa ta a cire ta, ba da yatsu ba, kuma a tasa ake miƙa ta. Hantsaki mai haƙori na fata ne, kada ya taɓa hanji. Ba a rufe ciki sai lissafin gozi da allurai ya cika. Ka zo ka tambayi zaren da wa'adinsa ya wuce, na gwaji ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ranka ya daɗe, ɗaurin hannu ɗaya fa? Na ga ya fi sauri.

Kwansaltan: Bar shi tukuna, ɗana. Hannu ɗaya ya fi saurin haifar da zarge ga wanda bai ƙware da hannu biyu ba. Yi kwas ɗin koyon tushen fiɗa na Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma da wuri, kada ka jira jarrabawa ta matso. Kuma ranar da aka ba ka rufe bangon ciki, tsawon zaren da ka shigar ya ninka tsawon tsagar aƙalla sau 4. Da ana ɗibar santimita 1 a bar santimita 1. Yanzu an fi karkata ga milimita 5 da zaren PDS mai kaurin lamba 2-0 domin ya rage ƙabar da ke biyo bayan tiyata. Tsaga mai santimita 20 tana cin zare santimita 80, ka auna ragowar ka gani.