Kuɗin karo-karonmu: a raba a unguwa ko a tura wa 'yan gudun hijirar Sudan?

Baban Ikram, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne ma'ajin wata 'yar ƙungiya ta mu da muka gama sakandare tare. Duk azumi mukan yi karo-karo mu sayi gero da shinkafa mu raba wa zawarawa da marayu. Bana mun tara naira dubu 640. Ana cikin lissafin buhuna sai ɗaya daga cikinmu ya ce a tura rabi ga mutanen Sudan da ke zube a Adre, gabashin Chadi. Tun 15 ga Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu. Shugabanmu ya ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Haka muka tashi ba matsaya, kuɗin kuma suna hannuna.

Abin da ya hana ni barci wani misali ne da na karanta tun ina jami'a, na Peter Singer, masanin falsafa ɗan Ostireliya, wanda ya rubuta a 1972. Ya ce kana tafiya ka ga yaro yana nutsewa a kududdufi, ruwan bai fi ƙarfinka ba, asararka kawai tufafinka su ɓaci. Wa zai wuce? To in yaron yana wata ƙasa, kuɗinka kuma za su iya ceto shi, me nisa ya canza? Na kasa ba shi amsa. Amma wallahi in na tuna Inna mai ƙosai ta bakin layinmu da jikokinta biyar, zuciyata ba ta yarda in rage mata ko mudu ɗaya. Shin kusanci yana ƙara wa mutum haƙƙi a kaina da gaske, ko dai son kai ne na sa masa riga?

Malam na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Baban Ikram, malamanmu sun daɗe da tattauna wannan a babin zakka. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya ce a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. A kan haka Malikiyya suka ce a raba zakka inda ta wajaba ko kusa da nan. Amma ba su rufe ƙofa ba: in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani gari, mafi yawanta can ake kaiwa. A shekarar da aka yi fari da yunwa a zamanin Sayyidina Umar, daga Masar Amru ɗan Asi ya aiko da ayarin abinci zuwa Madina. Naku ma sadaka ce, ta fi zakka yalwa. Ku auna wa ya fi shiga uku, ku kuma tabbatar akwai amintaccen hannun da zai kai.

Maman Sadik, Kaduna:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai misalin kududdufin nan ya daɗe yana damuna, domin bai tambayi wanda ya tura yaron cikin ruwa ba.

Kimiyyar siyasa nake koyarwa, kuma duk shekara sai mun yi wannan gardama da ɗalibai. John Rawls, Ba'amurke, ya ce a 1971 a tsara al'umma kamar ba ka san a wane gida za a haife ka ba, na attajiri ko na talaka. Mutane suka zaci zai ce haka ma ba ka san a wace ƙasa za a haife ka ba. Sai a 1999 ya ce a'a, wancan tsarin na cikin ƙasa ɗaya ne. Tsakanin ƙasashe abin da ya wajaba shi ne a tallafi wadda ta durƙushe har ta iya tsayawa da kanta, daga nan kowa tasa ta fisshe shi. A ganinsa arzikin ƙasa ya fi dogara da al'adar siyasarta da hukumominta.

Ɗalibinsa Thomas Pogge bai yarda ba, ni ma gefensa nake. Ya ce duk wanda ya ƙwaci mulki, ko da bakin bindiga, duniya tana ba shi damar sayar da ma'adinan ƙasar da cin bashi da sunan talakawanta. Wannan tsarin kansa yana kiran masu bindiga su yi kokawar kujera. Zinaren Darfur, yankin yammacin Sudan, ba a Darfur yake ƙarewa ba. Mu ma mun ga kuɗin zamanin Abacha sun kwanta a bankunan Suwizalan, aka shafe shekaru ana dawo da su kaɗan-kaɗan. Wanda ya ci moriyar irin wannan tsari, abin da ke kansa ya wuce kyauta, bashi ne. Ku kuwa ba ku sayi zinaren kowa ba, Baban Ikram. Kada ka ɗora wa kanka nauyin da ke wuyan gwamnatocin da suka ci ribar.

Ɗan Maraɗi:

Yaya Baban Ikram, ni kalmar "dawa" ce ta tsaya mini a rai. Ina Maraɗi, kakata tana Jibiya. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi tsakaninmu, yau ni baƙo ne a garin da aka haifi uwata. Sudan ɗin ma da namu a can. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu. Ga kuma alhazan ƙafa da suka zauna a hanyar Makka, jikokinsu har yau da Hausa suke magana. In zumunci ne ma'aunin shugabanku, ya sake awo.

Baban Ikram, Zariya:

Na gode muku ƙwarai. Maman Sadik, na ɗan samu sauƙi da maganarki, amma ba duka ba. Ko ba ni na tura yaron ba, ni ne a bakin ruwan. Ɗan Maraɗi, ka ba ni hujja mai ƙarfi, sai dai ina jin nauyin amfani da ita, don macen ƙabilar Masalit da ta tsere daga garin Aljinena na Darfur ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, kuma ita ma yunwar ce ke cin ta.

Ga abin da zan kai wa taro ranar Asabar: dubu 400 su tsaya a unguwa, tunda mutanen nan sun sa rai, mun kuma saba musu. Dubu 240 su tafi Adre. Malam, in ka san wanda ya taɓa aika taimako gabashin Chadi ya kuma ga shaidar ya isa, don Allah ka haɗa ni da shi kafin Juma'a.