Sun ɗora mani sakataren bishara a makaranta, Baba ya ce karatu ya turo ni

Mai tambaya:
Salama 'yan'uwa, barkanku da yamma. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni ɗan wajen Ƙafur ne, ina aji biyu a wata jami'a a nan jihar Katsina, kemistiri nake karantawa. A zaɓen da zumuntarmu ta ɗalibai Kirista ta yi kwanan nan aka ɗora mani sakataren bishara, ban ma nema ba, an dai ga ba na fashin addu'ar safe. Na kira Baba ina murna na gaya mashi, sai ya yi shiru, can ya ce "karatu na turo ka ko fastanci?" Ya ce masarar da ya sayar ya biya rajista ba ta wa'azi ba ce, kuma Katsina ba Jos ba ce, in kama bakina in gama in dawo gida lafiya. Mama ita kam tsoro ne kawai.

Ga kuma zumuntar kanta. A takarda muna da yawa amma ranar nazarin Littafi Mai Tsarki kujeru ne ke kallonmu, 'yan wajenmu da na Malumfashi da Bakori yawancinsu ba su zuwa, na tambayi wani ya ce shi in aka ɓarke da addu'a da Turanci da sauri-sauri ji yake kamar wata lakcar aka shiga. Shugabanninmu kuma sun dage sai mun yi babban taron bishara a fili da lasifika kafin jarabawa. Ni kaɗai ne Kirista a ɗakinmu a hostal, kwano ɗaya muke cin garau-garau da abokan zamana, ba na son abin da zai ɓata tsakaninmu. In ajiye muƙamin ne? In kuma zan riƙe, ta ina zan fara?

Mama daga Zumuntar Mata:
Ɗana, maganar uba ba a yin ta a waya. Ka bari in an ba ku hutu ka je gida ka durƙusa ka yi mashi bayani, ka tafi da sakamakonka na zangon da ya wuce a hannu ya gani da idonshi. In ka ga abin ya yi nauyi ka roƙi dattijon ikilisiyarku ya raka ka. Babanka bai ƙi aikin Ubangiji ba, gumin shi yake tunawa, kuma yana da gaskiya. Ba a yi wa Allah hidima da baƙin cikin iyaye.

Tsohon shugaban zumunta, daga Funtua:
Ƙanena kar ka ajiye. Amma ka fara sanin aikin da aka ba ka, don yawancin masu zaɓen ma ba su sani ba, su da sun ji bishara sai lasifika da fosta.

Ka duba wanda ke shigowa aji ɗaya. Yaro ne da tun haihuwarshi uwarshi ke tada shi ranar Lahadi, yana cikin 'yan Sabon Rai ko mawaƙa a ƙauyensu, yau ga shi ba mai ce mashi tashi, ga waya ga data ga abokai iri-iri, ga yunwa in kuɗin wata ya ƙare. A shekarun nan huɗu ne bangaskiyar da ya gada take zama tashi ta kanshi, ko kuma ta zube ba wanda ya lura. Kuma waɗannan yaran su ne gobe malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan gwamnati, su za su zama dattawan ikilisiya. Shi ya sa tun 1957 aka kafa zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri, ta ɗaliban manyan makarantu ta NIFES kuma a 1968 a Ilorin, magabata sun gane in aka rasa mutum a makaranta da wuya a same shi a ofis.

To kai gonarka tana gabanka, sunayen nan da ke takarda ba su zuwa. A zamaninmu lokacin rajistar sababbi muke fara aiki, mu tsaya kusa da layi tun safe, mu nuna masu inda ake buga takardu da inda ake sa hannu, wanda ya taho daga nesa bai samu gado ba mu shimfiɗa mashi katifa a ɗakinmu. Akwai wani yaro da na taɓa samu zaune kan buhun garinshi bakin hostal da magariba, wayarshi ta mutu, bai san kowa ba, ɗan fayil ɗinshi duk ya jiƙe da zufar hannu. Caja kawai na ba shi da wurin kwana. Har ya gama makaranta bai taɓa fashin zumunta ba, kuma ban taɓa yi mashi wa'azi ba.

Batun Turanci kuwa ɗan garinku ya faɗa maka gaskiya. Ka roƙi shugabanni su bar ka ka buɗe ƙaramin rukunin nazari da Hausa, ko mutum biyar ne, ku zo da Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi, ku rera waɗanda ake rerawa a gida. Ba raba zumunta ba ne, ranar babbar sujada kowa ya haɗu. A ranar Fentikos ma ai kowa da harshen garinsu ya ji maganar, ka karanta Ayyukan Manzanni sura 2.

Wani ɗan'uwa matashi:
Ni fa ban yarda da wannan lallaɓe-lallaɓen ba. Matiyu 28:19 cewa ya yi ku tafi, bai ce ku zauna ku raba caja ba. Kullum tsoro tsoro, sai yaushe za mu buɗe baki? Manzanni da tsoro suka ji da bishara ba ta iso Ƙafur ɗin ba. Ku yi taronku kawai, Allah zai tsare.

Baba Fasto mai ritaya:
Ɗana mai maganar tsoro, na ji zafin zuciyarka kuma ina son shi, amma ka ƙarasa karanta ayar, almajirtarwa aka ce, kuma ba a almajirtar da mutum daga nesa. Ka san yadda aikin ya shigo ƙasar nan tamu? Turawan mishan na SIM sun iso Najeriya tun 1893, amma ba a bar su su yi wa'azi a biranen sarakuna ba. A shekarun 1930 ne aka ba su kula da masu cutar kuturta, a nan Katsina a Babbar Ruga, suna wanke gyambon da dangi ma ke gudu. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke sai 1932 ya fito, bayan su Dokta Miller na Wusasa sun sha shekaru a kanshi. Mutanen nan ba matsorata ba ne, haƙuri gare su.

Kai kuma mai tambaya ka riƙe 1 Bitrus 3:15, ka zauna da shirin amsa wa duk wanda ya tambaye ka dalilin begen da kake da shi, amma da tawali'u da ladabi. Ka lura, wanda ya tambaye ka. Abokan ɗakinka suna da addininsu kuma suna ƙaunar shi kamar yadda kake ƙaunar naka. In suna salla ka kashe waƙar wayarka, in azumi ya zo kar ka zauna gabansu kana tauna. Ran da wani ya ce maka wai me ya sa kuke cewa kaza, ka faɗi abin da ka gaskata kai tsaye ba ɓoye-ɓoye, ka tsaya nan, kar bakinka ya taɓa abin da suke girmamawa ko da wasa. Gardamar addini a gurup ɗin aji na WhatsApp kuwa ka guje ta gaba ɗaya, duk mun san abin da ya faru a Sokoto a watan Mayun 2022, da aka kashe wata ɗaliba kan zargin ɓatanci a gurup ɗin ajinsu, abin da mamanka ke tunawa ke nan in ta kwanta. Taron kuma in za ku yi, ku rubuta wa ofishin kula da harkokin ɗalibai ku karɓi izini a rubuce, ku yi shi a inda aka ba ku, muryar ta tsaya cikin ɗakin, kowa ya gayyato abokinshi da baki, wanda ya ce a'a a ƙyale shi.

Wata 'yar'uwa daga Malumfashi:
Ni 'yar Katolika ce, NFCS, zumuntar ɗalibai 'yan Katolika, na yi a makaranta, amma matsalar ɗaya ce. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke farautar juna, ɗan ECWA na jan ɗan Katolika, na sabuwar coci na ce wa kowa bai sami ceto ba tukuna, mu da ba mu da yawa. Don Allah kar ka sa wannan cikin aikinka. Sannan ku tuna da 'yan mata, akwai wadda kuɗin abincinta ya ƙare tun tsakiyar wata ba za ta iya faɗa wa namiji ba, ku samu 'yar'uwa mai hankali ta riƙa zagaya hostal ɗinsu, kai kar ka ce za ka je bin sawu kai kaɗai, surutu zai tashi. Maganar Hausa kuma ina goyon baya ɗari bisa ɗari, mutane da yawa har yanzu mamaki suke wai akwai Bahaushe Kirista, alhali a 2023 aka kafa dayosis ɗin Katsina aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa. Yaranmu su daina jin kamar baƙi ne a zumuntarsu.

Wani malamin jami'a:
Bari in yi magana a matsayin mai duba takardun jarabawa. Ba abin da ke kunyata ni kamar shugaban zumunta ya zo ofis da kariyoba yana cewa aikin Ubangiji ne ya hana shi karatu, ko a kama shi da 'yar takarda a aljihu. Kemistiri ba ya jin addu'ar dare in ba ka shiga ɗakin gwaji ba. Ka ware ranakun zumunta ka tsaya a kansu, sati biyu kafin jarabawa ku dakatar da komi sai sujadar Lahadi, taron nan ma ku ɗaga shi zuwa farkon zango mai zuwa. In kana da ƙoƙari ka buɗe wa 'yan aji ɗaya darasin bita kyauta, na kowa da kowa, Musulmi da Kirista, kuma in ka ce kemistiri za a yi to kemistirin za a yi, kar ka mayar da shi tarko, yara suna ganewa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Ubangiji ya saka. Na yi magana da shugabanmu, rukunin Hausa ya yarda, ɗaga taron ne dai ya ce sai kwamiti ya zauna kuma na ga ranshi bai so ba. Baba kuma sai hutu kamar yadda Mama ta ce. Matsala ɗaya, Littafi Mai Tsarki na Hausa guda ɗaya gare mu, nawa, shi ma bangon ya cire.

Tsohon shugaban zumunta, daga Funtua:
Akwai na Hausa a manhajar YouVersion, ku sauke a waya tun kuna da data. Littafin waƙoƙi kuma ina da guda uku a gida, zan ba direba a tasha ranar Asabar, ka turo mani lambarka ta akwatin sirri.