Dokar zubar da ciki: imani ne ko lissafin kawunan jama'a?

Auta: Kawu, ni fa ban janye maganata ba. Dokar zubar da ciki lissafin kawunan jama'a ce, imani mayafi ne kawai. A dubi Sin. Daga 1980 ɗa ɗaya aka yarje wa yawancin ma'aurata, har dole aka riƙa yi wa mata su zubar. Da tsofaffi suka yi yawa, a 2021 aka ce a haifi uku, a shekarar kuma gwamnati ta ce za ta rage zubar da cikin da ba na lalura ba. Tuba ta yi?

Kawu: Auta, ka ɗauki ƙasa ɗaya ka yi wa duniya kuɗin goro. Amurka fa? A 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki, ta mayar wa jihohi maganar. Kusan shekara 50 suna ja-in-ja kan ran ɗan tayi da ikon mace kan jikinta. Ba ƙidaya ce ta haɗa su faɗa ba.

Yaya: Amma Kawu, yaron na da hujja. Rashar Sobiyet ta halatta a 1920, shugaba Stalin ya hana a 1936, aka sake halattawa a 1955. Gwamnatin da ba ruwanta da addini, wane imani take karewa?

Goggo: Ku kuna ta neman niyyar masu mulki, ni abin da ya samu matan nake dubawa. Romaniya, 1966, shugaban ƙasar Caushesku ya kafa doka mai lamba 770 ta hana zubar da ciki don jama'a su ƙaru. Shekarar da ta biyo baya haihuwa ta kusa ninkawa. Sai ta riƙa sauka, don mata sun koma hannun masu yi a ɓoye. Dubbai suka mutu, gidajen marayu suka cika maƙil, sai a 1989 aka soke dokar. Na yi aikin ungozoma, na san yadda jini ke ɓallewa a hannun wanda bai iya ba. Allah Ya tsare.

Kawu: Amin. To Auta, Polan ta tsaurara doka a 2020, kuma kowa ya san bakin coci a ciki.

Auta: Na yarda da Polan, Kawu. Amurka kuwa, a ba ni zuwa gobe.

Goggo: Kafin goben, ka duba ko haihuwa ta ƙaru a Polan ɗin. Raguwa ta ci gaba da yi.