Shin Holiwud ta ɓarnatar da baiwar John Candy?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna a kan John Candy, ɗan wasan barkwancin Kanada da aka haifa ranar 31 ga Oktoba, 1950, ya rasu ranar 4 ga Maris, 1994 a Durango ta ƙasar Meziko yana da shekara 43. A ganina, mafi kyawun aikinsa yana cikin shirin talabijin na SCTV, kuma daga ranar da ya koma Holiwud aka ɗaure shi a turke ɗaya, wato ƙaton mutum mai kirki mai yawan shirme. Ga wanda bai san shirin ba, 'yan ƙungiyar wasa ta Second City reshen Toronto ne suka fara shi a 1976. Dabararsu ita ce su yi kamar wata ƙaramar tashar talabijin ce a wani garin ƙage mai suna Melonville, sai su riƙa kwaikwayon labarai da tallace-tallace da finafinan da tashar take nunawa. A dare ɗaya Candy yakan fito a matsayin magajin gari Tommy Shanks, ya dawo a matsayin Dr. Tongue, sannan ya zama Johnny LaRue, kuma babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda da kai ba, kuma hujjata fim ɗaya ce, Planes, Trains and Automobiles na 1987. A ciki akwai wurin da Steve Martin ya tsare shi a ɗakin masauki ya wanke shi tas, yana lissafa masa surutunsa da labaransa marasa kan gado. Kyamara ta tsaya a kan fuskar Candy, murmushinsa yana gushewa a hankali, idanunsa suka ciko, sannan ya ba da amsa cikin sanyin murya ba tare da ya rama ba. Sai a ƙarshen fim mai kallo yake gane cewa matar da yake ta ambata ta daɗe da rasuwa, kuma ba shi da gidan komawa. Gajeren wasa na minti biyar ba shi da filin da zai ɗauki irin wannan nauyi. Yaya za a ce wurin da ya ba shi wannan damar ya ɓarnatar da shi?

Malam Habibu: Hajiya, na yarda wannan fim ya yi kyau ƙwarai, amma abin da kika gani a ciki tun a SCTV ya nuna shi. Johnny LaRue mutum ne mai fankama, mashayi, maƙaryaci, wanda ya ƙwallafa rai a kan sai an ɗauke shi da kyamarar da ake ɗagawa sama da ƙugiya, kamar yadda ake yi a manyan finafinai. Mai tashar, Guy Caballero, wanda Joe Flaherty ya fito a matsayinsa, ya hukunta shi saboda ɓarnar kuɗi ya tura shi titi da kyamara ɗaya. A shirin Kirsimeti an nuna shi cikin ƙanƙara da tsakar dare, babu kowa a titi, yana kuka yana roƙo, mai kallo yana dariya kuma tausayi yana kama shi. Bambancin shi ne, LaRue mugun hali gare shi, kuma an bar Candy ya nuna muguntar. Holiwud ba ta cika ba shi wannan izinin ba.

Malam Nasiru: Ni ina ganin ku biyun kun raba abin da bai rabu ba. Mafi yawanmu a Home Alone na 1990 muka fara ganin fuskarsa, a matsayin shugaban makaɗan polka (wani salon kiɗan rawa na Turai) da ya rage wa mahaifiyar yaron da aka manta a gida hanya a bayan mota zuwa Chicago. Wannan mutumin daga SCTV ya fito, domin can Candy da Eugene Levy sun daɗe suna wasan 'yan'uwan nan biyu makaɗan polka, Yosh da Stan Shmenge, kuma abin busar da Yosh yake riƙewa shi ne dai a hannunsa cikin fim ɗin. Matar da yake lallashi a motar kuma Catherine O'Hara ce, abokiyar aikinsa tun zamanin Second City. A yini ɗaya aka ɗauki dukkan fitowarsa, kuma labarin da ya ba ta na yadda ya manta ɗansa a gidan shirya gawa daga kansa ya ƙago shi nan take. Wannan horon Second City ne, inda ake hawa dandamali ba tare da rubutu ba.

Zainab: Ina neman afuwar manya, ina da tambaya ga Malam Habibu. Idan har an ɗaure shi, wa ya ɗaure shi? Shi da kansa ya bar shirin bayan zango na biyu, ya dawo a 1981 lokacin da tashar NBC ta Amurka ta karɓe shi, ya sake tafiya a 1983. Kuma a 1991 Oliver Stone ya ba shi matsayin lauya Dean Andrews a fim ɗin JFK, mutum mai wayo da kame-kame yana zufa a bayan baƙin gilashi, abin da ba shi da alaƙa da ƙaton mai kirki.

Malam Habibu: Ƙanwata, tambayarki ta yi ma'ana. Ban ce an tilasta masa ba, domin kuɗin fim ba ɗaya yake da na shirin da har sai da ya yi ƙaura zuwa birnin Edmonton na Kanada don neman mai ɗaukar nauyinsa ba. Amma ki duba minti nawa aka ba shi a JFK, sannan ki ƙirga finafinan da aka ɗora shi a gaba aka bar shi da rubutu mara ƙarfi. A SCTV yana cikin marubutan da suka ci lambar yabon talabijin ta Emmy a 1982 da 1983. A Holiwud mafi yawan lokaci abin da wani ya rubuta ake miƙa masa, kuma idan ba John Hughes, marubucin Planes, Trains and Automobiles da Home Alone, ba ne ya rubuta, sau da yawa abin yakan zo da rauni.

Hajiya Rabi: A nan kam na sassauta, Malam, domin finafinansa marasa kyau ba kaɗan ba ne, kuma Wagons East da yake ɗauka lokacin da zuciyarsa ta tsaya yana cikinsu. Sai dai kalmar ɓarnatarwa ce har yanzu ban karɓa ba. Mutumin da mahaifinsa ya rasu da ciwon zuciya yana da shekara 35, shi kuma yana ɗan shekara biyar, ba abin mamaki ba ne a gan shi yana karɓar aiki bisa aiki kamar mai gaggawa. Duk da haka bai yanke da gida ba, tunda a 1991 shi da ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da attajiri Bruce McNall suka sayi ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Kanada ta Toronto Argonauts, ta kuma ci kofin Grey, babban kofin gasar ƙasar, a wannan shekarar.

Malam Nasiru: Hajiya, zancen ƙungiyar ƙwallo bai amsa wa Malam Habibu ba, domin shi a kan rubutu yake magana. Abin da zan ƙara shi ne, Levy da O'Hara sun samu shekarun da suka koma irin aikinsu na farko, suka yi finafinan darakta Christopher Guest da ake ƙago zancensu nan take, daga baya suka yi Schitt's Creek a talabijin ɗin Kanada daga 2015 zuwa 2020. Na farko a cikin finafinan Guest da suka fito tare ya zo ne a 1996, shekara biyu bayan an binne Candy.