Komawa aiki da jaririya 'yar wata uku: a je da ita ko a bar ta a gida?

Mai Jego:
Assalamu alaikum. Hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, kuma jaririyar za ta cika wata uku daidai lokacin komawa. Nono zalla take sha. Aikin ofis ne a kamfani mai zaman kansa, ƙarfe takwas zuwa huɗu. Shin doka ta yarda a je da jariri wurin aiki? In an yarda, me ake tanada? Ko gara a tatsa a bari a gida?

Malamin Ofis:
Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin. Ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Amma bai ce a shigo da jariri ofis ba, bai kuma wajabta wa kamfani ya tanadi ɗakin raino ba. Sannan dokar ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga waɗanda ta kira ma'aikata, don haka ki fara duba takardar ɗaukarki aiki da littafin dokokin kamfanin.

Kada ki auna kanki da ma'aikatan gwamnati. Na tarayya aƙalla mako 16 suke samu, Legas tun 2014 da Kaduna tun 2019 wata shida suke ba nasu. Wannan bai hau kan kamfani ba.

Ki nemi izini a rubuce, mako biyu ko uku kafin ki koma. Ki faɗi ɗakin da jaririyar za ta zauna, wanda zai riƙe ta, lokutan shayarwa, da watan da tsarin zai ƙare. Izinin baki shi ke jawo rigima: oga ya ce "ba komai", a canza shi, sabon ya ce bai san zancen ba.

Sista ta Awo:
'Yar'uwa, zuwa da ita yana yiwuwa, amma na ɗan lokaci ne. Daga wata uku zuwa kusan shida jariri na yawan barci kuma bai fara rarrafe ba. Da ya fara juyi da rarrafe, wayoyin kwamfuta da soket da ƙusar takarda duk sun zama abin kaiwa baki.

Sharaɗi na farko, a samu mai raino babba mai hankali, ba yarinya 'yar shekara goma da ya kamata tana makaranta ba. Uwa ita kaɗai da goyo da aiki, ba aikin ba rainon. Na biyu, ɗaki daban da ake rufewa, ba ofishin da jama'a ke shiga da fita ba.

Wurin kwanciya ya zama shimfiɗa mai tauri, a kwantar da ita rigingine, ba matashi ba tarin bargo. Kujerar kushin da saman tebur ba wurin barci ba ne. A kushin fuska ke nutsewa, a tebur faɗowa ake yi ranar da ta fara juyi, kuma ba ta sanarwa. Kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa bugunta kai tsaye. Ki duba inda janareta yake: in tagar ɗakin na kallonsa, a sake ɗaki, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari.

A jaka: famfas shida zuwa takwas, kaya sauyi uku saboda tumbuɗi, zani da majanyi, leda mai ɗaurewa ta famfas ɗin da aka cire, sabulu, da ma'aunin zafin jiki. Allurar rigakafi ta mako 14 za ta faɗo dab da komawarki, kuma takan sa ɗan zazzaɓi, sai ki nemi hutun washegarinta tun yanzu. Abokan aiki kuma a gaya musu da fara'a: a wanke hannu kafin a ɗauka, mai mura ya yi gaisuwa daga nesa, ban da sumbata a fuska.

Masu aiki a ɗakin majinyata, ɗakin gwaji, masana'anta, kicin ko shagon gyaran gashi, wannan shawara ba tasu ba ce.

Uwar Biyu:
Sista, ni ina ganin an manta da hanya. Jaririya a adaidaita sahu safe da yamma cikin ƙurar hunturu ko zafin watan Afrilu, wannan ma wahala ce. In akwai kaka ko wata amintacciya a gida, tatsa ta fi sauƙi.

Ki fara mako biyu kafin komawa, bayan shayarwar safe, lokacin da nono ya fi yawa. Na awa takwas, ki bar kimanin mililita 250 zuwa 350, a raba ƙananan mazubai masu murfi na 60 zuwa 100, a rubuta kwanan wata. In an zuba shi wuri guda, abin da ta rage asara ne, don ragowar da ta sha ba ya wuce awa biyu. A ɗaki mai sanyi yana kai awa 4, amma wannan lissafin na zafin da bai wuce digiri 25 na Celsius ba ne, kada ki dogara da shi a bazara. A firij kwana 4, can ciki ba jikin ƙofa ba, in wuta na tsayawa. A kula mai ƙanƙara, awa 24. Ana ɗumama shi ne ta hanyar tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, ba a dafa shi. In kin ga maiƙo ya taso sama ba lalacewa ya yi ba, a juya a hankali.

A ofis ki tatsa duk bayan awa uku. Tsallakewa ke sa nono ya cika ya yi tauri, wani lokaci har da zazzaɓi, daga baya kuma ya ragu.

Babbar matsalar gida ita ce ruwa. Da ta yi kuka sai a ce ƙishi ne a ɗura mata. Kafin wata shida ba ta buƙatarsa ko da zafi, cika mata ciki yake yi ta rage shan nono, in ba mai tsabta ba ne ga gudawa.

Mai Jego:
Na gode ƙwarai. To in ta ƙi karɓar fida fa?

Sista ta Awo:
Ba dole sai fida ba, ƙaramin kofi ma ya fi sauƙin wankewa. A zaunar da ita a ɗan miƙe, a kai bakin kofin kan leɓenta na ƙasa har nonon ya taɓa shi, ta kurɓa da kanta, kada a zuba. Wani ne zai koya mata, ke ki bar ɗakin, kuma ba lokacin da yunwa ta riga ta sa ta kuka ba. In tana jiƙa famfas shida ko fiye a rana kuma nauyinta na hawa a katin awo, yana isarta.