Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan ranakun zaɓe a ƙasashe

'Yan'uwa mazauna Abuja, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da muka yi.

1. An amince cewa kowace ƙasa takan dubi al'adar mutanenta wajen tsayar da ranar jefa ƙuri'a. Faransa da Jamus suna yi ranar Lahadi, Birtaniya ta saba da Alhamis, Amurka kuwa tun 1845 ta tsayar da Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, saboda manoman zamanin da kan kwana a hanya kafin su isa rumfar zaɓe.

2. Mafi yawa sun yaba wa Asabar ɗin da muke zaɓe a Najeriya, tunda ba ta shiga Juma'a ko Lahadi ba, ko da yake 'yan kasuwa sun koka da hana zirga-zirga.

3. An rabu biyu kan tsarin Indiya, wadda ta yi zaɓen 2024 a zango bakwai, daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni. Wasu na ganin hakan zai ba jami'an tsaro damar kewayawa, wasu kuma suka ce jinkirin sakamako zai haifar da zargin maguɗi, kuma a ganina suna da hujja.

4. Waɗanda suka tuna ɗage zaɓen Najeriya na 2019 da mako guda, bayan jama'a sun riga sun cika tashoshin mota sun tafi garuruwansu, sun ba da shawarar masu zama a Abuja su maido rajistarsu ta zaɓe kusa da inda suke zaune a Abuja.