Kyamarar da za ta jure ƙurar Maradi ta kuma kamo tsuntsu daga nesa

Sani Tibiri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar tsuntsaye da wayata a bakin gulbi da tafkin Madarunfa, amma duk sadda na jawo hoton sai zalɓe ya koma kamar ɗigon tawada. Na tara jaka ɗari biyar. Wace kyamara zan saya? Babban burina in je Gadabeji in ɗauko raƙuman dawa kafin ruwa ya sauka.

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin kowa ya cika ka da sunaye, riƙe wannan: kuɗinka ya tafi ga gilashin gaba, ba ga jikin kyamarar ba. Tsuntsu ba ya jiran ka matso. Gilashin da bai kai milimita 400 ba, wahala kawai za ka sha. Ni tun 2019 nake da Nikon D7500 da gilashin 200-500mm, dukansu na hannu na saya, kuma har yau ban ga dalilin canzawa ba. Da yake sensar kyamarar, wato farantin ciki da ke kama hoton, ƙarama ce, 500 ɗin nan yana jawowa kamar 750. Aibinsa nauyi: gilashin kaɗai ya haura kilo biyu, in ka yini da shi a kafaɗa za ka ji a jikinka.

Habu mai hoto: Malam, da girmamawa, ni ba zan tura yaro ga kyamara mai madubi a ciki irin taka a yanzu ba. Kamfanonin sun koma ga marasa madubi, can sababbin kaya suke fitowa. Canon R7 da ta fito a 2022 tana gane idon tsuntsu da kanta ta bi shi, ko ya shiga cikin rassan gawo. Ka haɗa ta da RF 100-400mm, wanda bai kai giram 700 ba, ka samu jawowa kamar 640. Nikon ma ta fitar da Z50 II a ƙarshen 2024 mai irin wannan gane tsuntsu.

Malam Isuhu: Gaskiya ka faɗa Habu, amma jaka ɗari biyar ya ce. Ka lissafa masa R7 da gilashinta da kuɗin kawowa, ka gaya mini ko za su shiga. Komawar mutane ga marasa madubi ai ita ce ta karya farashin tsofaffin, mu kuma nan muke samu.

Zainabu: Yaya Sani, ni ga hanya ta uku. Nikon P950 gare ni. Gilashinta a manne yake, ba a cirewa, yana jawowa har kamar 2000mm, nauyinta wajen kilo ɗaya. A watan Janairu na zauna bakin tafki bayan asuba, garken kirinjijiya na can tsakiyar ruwa, da ido ƙwayoyi baƙaƙe kawai kake gani. Na jawo, sai ga farar fuskar kowace ɗaya, har da ɗigon ruwa a bakin wadda ta ɗago kai. Sai dai ba zan ɓoye maka ba: sensarta ƴar ƙarama ce kamar ta waya, da rana ta yi ƙasa hoton ya fara yashi-yashi, kuma tsuntsu mai tashi sama yakan kuɓuce mata. Ga mai koyon sanin tsuntsaye dai ta isa. An yi P1000 da P1100 masu kai 3000mm, amma sun fi nauyi, kuma a can ƙarshen zum ko numfashinka yana girgiza hoton.

Alhaji Laminu: Kun yi ta maganar nisa, ba wanda ya taɓo babban abokin gabanmu. Ƙura. Masu rubuta sharhin kyamara a Turai ruwan sama suke tsoro, mu hunturu ne ke cinye mana kaya. Bari in ba ku abin da ya same ni. Wata shekara a Disamba na tsaya kan hanyar Dakwaro, na cire ƙaramin gilashi zan sa babba saboda wani tuje da na hango. Daƙiƙa goma ba su cika ba. Da na dawo gida na buɗe hotunan a kwamfuta, kowane hoto mai sararin sama yana da ɗigo bakwai baƙaƙe a wuri ɗaya, ɗaya daidai saman kan tujen. Na ɗauki gefen rawani na goge sensar, na ƙara mata zane. Sai da kyamarar ta je Kano, ta yi wata guda, kuma gyaran bai yi daɗi ba.

Tun daga ranar, gilashi ɗaya nake ɗaurawa tun daga ɗaki, ba na cire shi sai na dawo. In ya zama dole, cikin mota, tagogi rufe, bakin kyamara na kallon ƙasa. Ku sayi ƴar robar nan ta hura iska, kada ku hura da baki, kada ku goge da riga, yashinmu kamar magagari yake. Sannan ku lura da irin gilashin: wanda ke tsawo yana gajarta idan ana zum, iska yake zuƙa kamar zugazugin maƙeri, da ƙurarta. Sony 200-600mm da Nikon Z 180-600mm a ciki suke motsi, tsawonsu ba ya canzawa, shi ya sa na fi yarda da su a ƙasarmu. Wanda ba shi da halinsu ya ɗinka wa nasa riga. Tela ya yi mini da ƙyallen atamfa mai ruwan ƙasa, da roba a baki biyu.

Zainabu: Baba Alhaji, wannan ma wani dalili ne na P950, tunda ba a buɗe ta.

Alhaji Laminu: Haka ne ƴata, na ba ki wannan.

Sani Tibiri: Allah ya saka. To batun Gadabeji fa? Wa ya taɓa zuwa?

Malam Isuhu: Na je sau biyu. Gandun yana arewa da Dakwaro, tun 1955 aka keɓe shi, faɗinsa wajen hekta dubu 76, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin dazuzzukan da ake karewa a 2017. Raƙuman dawan da kake so ba daɗaɗɗu ba ne a wurin, sun ɓace shekaru da yawa, sai a Nuwamban 2018 aka kwaso takwas daga Kure, kusa da Yamai, aka kawo su a mota tafiyar sama da kilomita 800. Irin nan na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage, a 1996 kimanin 50 suka saura a duniya, yanzu sun haura 600. Don haka ka shiga da ladabi. Ka fara zuwa wajen jami'an gandun daji, su ba ka izini da ɗan rakiya, su kuma gaya maka halin tsaro na lokacin, kada ka dogara da labarin bara. Mota mai jan ƙafa huɗu kake buƙata, rairayi ne.

Ga raƙumin dawa 300mm ma ya isa, babba ne kuma ba ya cika firgita in ba ka tunkare shi kai tsaye ba. Barewa ce mai wuya. Kuma ka fita da sassafe. Da ƙarfe goma ta wuce ƙasa ta ɗauki zafi, kawalwalniya ta tashi, ko gilashin miliyan nawa ne hoton nesa zai fito a narke. Mutane da yawa sun zagi kyamararsu a kan laifin iska.

Habu mai hoto: Ƙari kaɗan. Kada ka sayi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku tukuna. Cika ƙaramin buhu da gero ko wake, ɗora a tagar mota, kwantar da gilashi a kai, ka kashe inji. Tsuntsu mai tashi, saurin ɗauka 1/2000 na daƙiƙa. Wanda ke zaune, 1/500 ya wadatar. Batir biyu na ƙari, musamman in marar madubi ce, sun fi shan wuta, kuma ka duba ko tana caji ta USB don ka yi amfani da faifan sola a daji. Katin ajiya kuwa ka gwada shi a kwamfuta kafin tafiya. Na taɓa sayen mai rubutun gigabait 128 a wani shago, ashe takwas ne a ciki, hotunan shamuwa na kwana uku a kan sheƙarta suka tafi.

Zainabu: Af, shamuwa! Yaya Sani, in ba ka samu Gadabeji bana ba, ita ma abin ɗauka ce. Tana isowa gab da damina, tana sheƙa a itatuwan tsakiyar gari, ba ta tsoron mutane tunda ba mai taɓa ta. A kanta na koyi bin tsuntsu a sama. Kuma in ka ga makiyaya a rijiya, Fulani ko Buzaye, ka yi sallama ka nemi yardarsu kafin ka ɗaga kyamara.

Sani Tibiri: Zuciyata ta karkata ga ta Malam Isuhu, ta hannu. Mi zan duba kada a cuce ni?

Malam Isuhu: Adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ana ganinsa daga bayanan hoto ɗaya. Ka haska tocila cikin gilashin ka nemi hunhuna, kamar saƙar gizo take, kayan da suka zauna a Legas ko Kwatano sukan zo da ita. Ka ɗauki farin bango da ƙofar hasken gilashi a tsuke, a f/16, ka ga ɗigon ƙura. Amma kafin ka biya ko dala, zo Asabar mu je Madarunfa, ka riƙe tawa awa biyu ka ji nauyinta. Zainabu, ki zo da taki ya gwada. Mu haɗu bayan sallar asuba, ni zan kawo buhun geron.